Hanyar tafki ta rufe, ruwan ƙofar gida kuma ana barinsa ya mutu

Duk wanda ya hau babbar gadar sama ta arewacin Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2018, idonsa zai faɗa kan hanyoyi da ruwa a lokaci guda. Hanya ɗaya ta ratsa unguwar Tampouy ta miƙe zuwa Yako da Ouahigouya, wata ta karkata arewa zuwa Kongoussi, inda tafkin Bam yake. A gefen gadar kuma ga madatsun ruwa uku na birnin a jere, baraji na ɗaya da na biyu da na uku, sun miƙe gabas har dajin Bangr-Weoogo. Shekara goma sha biyar baya, magidanci a Tampouy in ya sami sarari sai ya zaɓi hanya, ya ɗauki iyali, ya je ya wuni ko ya kwana a bakin tafki. Yanzu, saboda rashin tsaro, yawancin hanyoyin nan sai da dalili mai ƙarfi ake bin su. Ruwan da ya rage masa shi ne wannan na ƙofar gida, shi ne kuma aka sakar wa leda da laka da ciyawa suna cinyewa.

Mai wannan rubutu yana ganin kuskure ne babba, kuma kuskuren ya samo asali ne daga yadda hukumomi suka ɗauki yawon buɗe ido: a wajensu mai yawon buɗe ido shi ne wanda ya sauko daga jirgi da fasfo a hannu. Wanda ya fito daga Tampouy a kan babur da matarsa da tabarma ba a lissafa shi.

A kudancin Afirka, hutun bakin tafki da motar kai sana'a ce mai zaman kanta. A Windhoek ko Johannesburg ko Lusaka mutum zai karɓi hayar ƙaƙƙarfar mota irin ta shiga daji, da tanti ɗaure a samanta, da ƙaramin firji da tukunyar gas da jarkokin ruwa a bayanta. Ba direba, ba ɗan rakiya. Ya tuƙa da kansa zuwa tafkin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, wanda aka datse kogin Zambezi aka yi shi a 1959, tsawonsa ya haura kilomita 200, kuma a yawan ruwan da yake ɗauka babu tafkin da ɗan Adam ya gina da ya kai shi. Ya yada zango a Siavonga ko Binga, da dare ya ga fitilun masu kamun kapenta, ƙananan kifin da aka kawo irinsu daga tafkin Tanganyika, sun cika saman ruwa. Ko ya nausa Malawi, ya bi titin gefen tafki daga Mangochi zuwa Salima da Nkhata Bay, ya ci gasasshen chambo, ya ga tsohon jirgin ruwan nan Ilala, wanda ke jigilar mutane da kaya tun 1951 har yau bai yi ritaya ba.

Masu dawowa daga irin wannan tafiya sukan cika baki da labarin dorina da faɗuwar rana. Amma abin da ya sa tafiyar ta yiwu ba ya cikin hotunansu. Hanya ce da mutum zai bi da iyalinsa ba fargaba. Gidan mai ne a inda ake sa ran samunsa. Masauki ne mai bayi da famfo da wurin hura wuta, da farashi rubuce a ƙofa, ba sai an yi ciniki da fuskar baƙo ba. Tun 2014 Zambiya da Zimbabuwe suka fito da biza guda da ke shigar da baƙo ƙasashen biyu, a 2021 kuma aka buɗe gadar Kazungula tsakanin Zambiya da Botswana, aka huta da dogon layin jiran jirgin fito. Ruwan Allah ya ba su, sauran duk aiki ne.

Mutanen Tampouy su ma sun san wannan hutu, sai dai nasu ba tanti a saman mota. Wagadugu garin babura ne, don haka motar hutun talaka ita ce P50 ko tsohuwar Yamaha, daga baya Crypton da Sirius. Ranar Lahadi, ko washegarin Sallah, sai a ga ayari ya kama hanyar Kaya zuwa Loumbila, kilomita kusan 20 daga birni. Madatsar Loumbila ta girmi ƙasar kanta, domin a 1947 aka gina ta a kan rafin Massili, aka yi ta ɗaga bangonta har ta kai ga ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 42. A nan ake shimfiɗa tabarma ƙarƙashin itace, a hura kurfoti a ɗora shayi, a sayi karfasa daga hannun masunta a miƙa wa mata masu suya, a ci da aceke da albasa da yaji. Yara su yi ta jifa cikin ruwa. In la'asar ta yi a ɗebi ruwa a buta, a sa dattijo gaba. Kafin magariba an ɗaure kwandon tumatir da kabeji a bayan babur, an sayo shi rabin kuɗin kasuwa, an kamo hanyar gida.

Mai mota kuwa yakan yi nisa. Kilomita ɗari da 'yan kai daga Tampouy ga tafkin Bam, mafi girman tafkin da Allah ya yi da kansa a Burkina Faso, inda lambunan Kongoussi suka daɗe suna fitar da koren wake har kasuwannin Faransa. Kudu maso gabas ga Bagré a kan kogin Nakambé, mai ɗaukar ruwa mita kubik biliyan 1.7, wadda aka yi wa masauki da rairayin bakin ruwa musamman don baƙi. Can gabas ga Kompienga, madatsar wutar lantarki ta farko a ƙasar, da aka gama a 1988, wadda kifinta ya riƙa cika kasuwannin Wagadugu. Wanda ya fi kowa ƙarfin hali ya bi ta Bobo ya sauka Banfora, tafiyar kilomita sama da 400, ya ratsa gonakin rake, ya yi sammako zuwa tafkin Tengrela ya shiga kwale-kwale ya ga dorina, da hantsi ya wuce magangarar ruwan Karfiguéla.

Bahaushe dai ba ya tashi tafiya don kallon ruwa zalla, sai ya haɗa ta da biki ko ta'aziyya ko sari. Shi ya sa tafiyar da ta fi zama a zukatan dattawan zangon Hausawa na Wagadugu ita ce ta komawa gida: Fada N'Gourma, Kantchari, Makalondi, Yamai, Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi. Kwana biyu a hanya in mota ta yarda. In an gama gaishe-gaishe da rabon tsaraba, sai dangi su ce a leƙa Madarunfa, 'yar tafiya kaɗan kudu da Maraɗi, a ziyarci kaburburan waliyyai casa'in da tara da ake cewa suna kewaye da tafkin, a yi addu'a, a ci kifi. Wannan ma hutun bakin tafki ne da motar kai, ko da babu kamfanin da ya taɓa buga shi a takardar talla.

Daga 15 ga Janairu 2016, ranar da 'yan bindiga suka kai hari gidan abinci na Cappuccino da otal ɗin Splendid a tsakiyar Wagadugu suka kashe mutum 30, taswirar nan ta fara tsukewa. Arewa ta fara, gabas ta biyo. Zuwa watan Maris na 2023 ƙididdigar hukumar agaji ta ƙasa, CONASUR, ta nuna mutum sama da miliyan 2 sun bar gidajensu. Kaya da Kongoussi suka cika da 'yan gudun hijira. Pama da Kompienga suka shiga cikin garuruwan da abinci ma sai da rakiyar soja yake isa. Hanyar Fada zuwa Yamai, wadda a da direba ke bi yana sauraren kaset, ta zama abin da ake yi wa addu'a ta musamman kafin a hau. Yaron da aka haifa a Tampouy a 2015 ya girma bai san tafkin Bam ba sai a littafin makaranta.

Wani zai ce, ana yaƙi wa yake ta hutu? Maganar tana da nauyi, kuma duk wanda ya ga matan da suka baro Djibo ko Barsalogho suna tara tsakuwa a gefen titi don su sayar ba zai yi mata dariya ba. Sai dai birnin da ƙidayar 2019 ta ba mutum miliyan 2.4, wanda kuma ya ƙaru sosai tun daga nan, ba zai zauna a ɗaki yana jiran ƙarshen yaƙi ba. A watan Afrilu zafi yana haura digo 40, wuta tana ɗaukewa, gidajen haya ba iska. Mutane za su fita ko ta yaya. Kuma kuɗin da ake kashewa a bakin ruwa ba ya fita ƙasar: aljihun mai suyar kifi yake shiga, da mai shayi, da mai faci, da yaron da ke tsaron babura. Baƙon waje ya daina zuwa da yawa, amma wannan baƙon na gida ko a ranar da aka yi juyin mulki yana nan.

To ina zai je? Loumbila tana nan, Bazoulé mai kadoji tana nan, ƙananan madatsun Koubri suna nan. Amma mafi kusa, wanda tsohuwa za ta iya takawa da jikanta, su ne barajin nan uku. An gina su a farkon shekarun 1960 don shayar da birni, su ukun suna ɗaukar ruwa kusan mita kubik miliyan 15. Tun da aka gama madatsar Ziga a shekarar 2000, mai ɗaukar kusan miliyan 200, ruwanta kuma ya fara isowa famfunan Wagadugu a 2004, nauyin shayarwa ya ragu a kansu, kulawa ma ta ragu tare da shi. Manyan magudanan birni suna zubo musu duk abin da suka kwaso, leda, robar ruwa, ruwan wanki, baƙin mai na gareji. Kowace damina tana ƙara laka, zurfi yana raguwa. Da rani ya yi nisa sai a ga ƙasan barajin ya tsage, masu lambu sun bi ruwa ciki da shukarsu da maganin feshinsu, masu bugun bulo suna haƙa, masu wankin mota suna nasu. Inda ruwa ya rage kuma ciyawar nan mai shuɗin fure, 'yar'uwar kainuwa, ta rufe shi ruf, kifi ba ya samun iska, kwale-kwale ba ya wucewa.

Ba kyan gani kawai ake asara ba. Ranar 1 ga Satumba 2009 an yi ruwan sama milimita 263 cikin sa'o'i kaɗan. Barajin suka cika suka tumbatsa, ruwa ya shiga asibitin Yalgado Ouédraogo har aka kwashe marasa lafiya, mutum kusan 150,000 suka rasa matsuguni, da yawansu aka kai su Yagma, can bayan Tampouy. Barajin da laka ta cike ba ya riƙe ruwan ambaliya. Saboda haka kwashe lakar nan kariya ce ga gidajen mutane kafin ta zama maganar shaƙatawa. A 2019 an sa barajin uku da dajin Bangr-Weoogo cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Takarda ta samu. Wanda ya tsaya bakin baraji na biyu a watan Maris hancinsa zai gaya masa ko aiki ya biyo bayanta.

Ita ciyawar ba Wagadugu kaɗai ta dama ba. Madatsar Hartbeespoort kusa da Pretoria, inda masu kuɗin Afirka ta Kudu ke da gidajen hutu da jiragen wasa, ta sha fama da ita shekara da shekaru, har masana na jami'ar Rhodes suka riƙa sakin wani ƙaramin ƙwaro mai tsotse ta. Ƙwaron yana rage ta, amma tana dawowa, domin ruwan ƙazanta da ke ciyar da ita bai daina kwarara ba. A nan gida ma an yi dabara. Mariama Mamane, 'yar Nijar da ta yi karatun injiniya a makarantar 2iE ta Wagadugu, ta sami lambar yabon muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017 saboda shirinta na mai da ciyawar taki da iskar gas. Ilimin yana cikin garin. Abin da ake yawan gani dai shi ne gayya ta kwana ɗaya: a tara matasa da manyan baƙi, a ciro ciyawa a jibge a bakin ruwa, a ɗauki hoto, bayan wata biyu ta koma yadda take.

Sai dai akwai wani darasi a Kariba da masu hotunan faɗuwar rana ba sa faɗa, kuma shi ya fi shafar mutanen zango. Kafin ruwa ya cika tafkin, gwamnatin mulkin mallaka ta tashi 'yan ƙabilar Tonga kusan 57,000 daga gonakinsu na bakin kogi, ta zube su a tudu mai duwatsu. Waɗanda suka ƙi tashi a kwarin Gwembe a 1958 'yan sanda suka buɗe musu wuta, mutum takwas suka mutu. A daidai lokacin kuma aka shirya gagarumin aikin ceto namun daji daga tsibiran da ruwa ke cinyewa, aka tsamo dabbobi kusan 6,000, jaridun Ingila suka yi ta yabo. Yau mafi kyawun gaɓar Kariba tana hannun masaukai da gandun daji, jikokin waɗanda aka tasa kuwa da yawansu sun yi shekaru ba wuta ba famfo, ga madatsar lantarki a gabansu.

Hausawan Wagadugu ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan wannan. Zangoetin, tsohon zangonsu a tsakiyar birni, da masallatansa da makarantun allonsa da masaukan fatake, an rushe shi a 2003 da sunan shirin ZACA na gina unguwar kasuwanci ta zamani. Aka watsa mutane, wasu Ouaga 2000, wasu Nioko, wasu duk inda hali ya kai su. Filayen da yawa suka yi shekaru ciyawa na tsiro a kansu kafin gine-gine su tashi. Saboda haka duk ranar da aka ji jami'i ya ce za a ƙawata bakin baraji, dattijon zango yakan gyara zama, don ya san gyara irin wannan da katafila take farawa, da katanga take ƙarewa. Yana da gaskiya. In gyaran bakin ruwa yana nufin a kori masu lambu a yanka gaɓar fuloti-fuloti a ba masu otal, to mutumin Tampouy ya yi asara sau biyu: ƙazantar ta tafi, amma shi ma an bar shi a bayan ƙofa yana leƙe.

Kano ma ta gwada hanyar otal. A zamanin Gwamna Audu Bako, tsakanin 1967 da 1975, aka gina madatsun Bagauda da Tiga, aka kafa otal a bakin Bagauda, aka yi wani a kan dutsen Tiga. Sun yi tashe, manyan ma'aikata da baƙi suka riƙa zuwa hutun ƙarshen mako. Da kulawar gwamnati ta ja baya sai suka dusashe, har ginin Bagauda ya koma harabar makarantar horar da lauyoyi. Ruwan yana nan, masunta suna nan, manoman rani suna nan. Abin da ya fara mutuwa shi ne wanda ya fi cin kuɗi.

Abin da barajin Wagadugu ke bukata ya fi otal araha nesa ba kusa ba. A ware gaɓa a bar ta ta kowa, ba katanga, ba kuɗin shiga. A dasa maɗaci da dogon yaro, a yi benci na siminti, a gina bayi da famfo, a sa wanda zai kula da su ana biyansa. A keɓe wani sashe nesa da mashaya da amon kiɗansu, da ɗan fili na salla, domin dalilin da ya hana iyalai da yawa na zango zuwa bakin ruwa ke nan, kuma ba wanda ke faɗinsa a taron hukuma: magidanci ba zai shimfiɗa wa matarsa da 'ya'yansa mata tabarma a gefen teburin giya ba. Mai son mashaya yana da nasa wurin, ba a ce a rufe masa ba. Masu lambu kuma, waɗanda salak da kabejinsu ke ciyar da kasuwannin unguwanni, a ja su baya daga cikin ruwa a haƙa musu rijiyoyi, a hana maganin feshi mai guba, a ɗora musu amanar gaɓar. Wanda abincinsa ke wurin ya fi ɗan kwangila sanin wanda ke zuwa zubar da shara da dare. Tun da shirin Faso Mêbo ya nuna mutanen unguwa suna iya kawo siminti da ƙarfinsu a shimfiɗa titi, babu dalilin da zai hana a yi haka a bakin ruwa.

Akwai inda dole a tsaurara. Wannan ruwa ba na wanka ba ne: akwai tsargiya, akwai kada, akwai ramukan masu bulo da yaro ba ya gani sai ya faɗa. In za a sa kwale-kwalen yawo, to da rigar ceto da adadin mutanen da aka ƙayyade. Mutanen Kano ba su manta da Nuwamba na 2021 ba, lokacin da jirgin fito ya kife a madatsar Watari ta Bagwai da fasinjoji fiye da kima, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi, aka rasa sama da rai 20. Ziga kuwa, da yake ita ce randar birnin gaba ɗaya, hukumar ruwa ta ONEA tana da hujja in ta hana a mai da ita wurin wasa.

Amma duk wannan sai an fara da laka da magudanai. Ba a kwashe laka sai ruwa ya ja, wato daga Maris zuwa Mayu, kuma ba amfanin kwashewa in ba a sa ragar tare shara a bakin magudanan da ke zubowa daga cikin gari ba. Ma'aikatar birnin da hukumar kula da ruwan Nakambé su ne ke da ikon ba da wannan aiki, kuma kuɗinsa sai an sa shi a kasafi tun kafin rani ya shigo. In aka bari hadarin farko ya haɗo a watan Yuni ba a shigar da motocin haƙa ba, to maganar ta koma baɗi, da ƙarin lakar damina guda a kai.